Tambaya da Amsa: Yadda Ake Farfaɗo da Tsohon Rukunin Gidaje ta Hanyar Gyaran Fili

Wasiƙun wannan wata sun taru a kan abu guda: rukunin gidajen gwamnati da suka tsufa, waɗanda ake kira lokos. Da yawansu an gina su ne tsakanin 1979 da 1983, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta ƙudurta gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara, wasu kuma gwamnatocin jihohi ne suka gina su. Yau sun haura shekara 40. Kowa ya gyara cikin gidansa daidai ƙarfinsa, amma abin da ke tsakanin gidajen, wato layi da kwata da filin tsakiya, ya zama ba mai shi. Masu tsara filaye da ke amsa tambayoyin wannan shafi sun zaɓi bakwai daga cikin wasiƙun.

Assalamu alaikum. Ni ne shugaban ƙungiyar mazauna wani lokos a Kaduna. Mun yi karo-karo mun tara abin da ya sawwaƙa, sai kai ya rabu. Wasu sun ce a sayo bishiyoyi da furanni, wasu sun ce a zuba jar ƙasa a layuka don ba sa biyuwa da damina. Wanne za mu fara?

Wa alaikumus salam, Shugaba. A riƙe kuɗin tukuna. Abin da za a fara da shi ruwa ne, kuma matakin farko ba ya cin ko kwabo.

Jar ƙasar nan ita ce ta ɓata unguwanni da yawa. Duk shekara a zuba tifa biyu, tifa uku, layi yana ta tashi, har ya kere daɓen gidaje. Ku duba a unguwarku: duk gidan da sai an sauka taki ɗaya kafin a shiga, ba gidan ne ya nutse ba, layin ne ya hau. Irin wannan gida shi ke kwana kwalfar ruwa a watan Agusta.

Ga lissafin da ya kamata kowane ɗan kwamiti ya sani. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Rufin kwano mai murabba'in mita 100, idan aka yi ruwa milimita 40 a dare ɗaya, zai zubar da lita 4,000, wato jarka 160. Lokacin da aka gina rukunin, tsakar gida ƙasa ce, tana shanye kaso mai yawa. Yanzu an ƙara ɗakuna a baya, an fitar da shago a gaba, sauran wurin an malale shi da siminti. Kwatar da aka auna wa ruwan jiya ita ake ɗora wa na yau, ga leda da yashi sun cinye rabin cikinta.

Saboda haka a daminar bana ku sa mutum uku su fita ana tsaka da ruwa, ba bayan an ɗauke ba. Su bi kowane layi su ga inda ruwa ke fitowa, inda yake gudu, inda yake tsayawa. Su ɗauki hoto da waya, su sa alamar fenti a jikin katanga daidai inda ruwan ya kai. Sannan ku nemi asalin taswirar rukunin a hukumar tsara birane, KASUPDA a Kaduna, KNUPDA ga mutanen Kano. Taswirar za ta nuna inda aka nufa ruwa ya fita da kuma filayen da aka keɓe wa jama'a. Sau da yawa a nan ake gano cewa wani ya yi gini a bakin mafitar.

Awon gangara ba sai da na'ura ba. Kowane birkila ya san awo da farin tiyo mai ruwa a ciki. A kafa turaku a ƙasan kwata, mita 10 tsakani, a gwada. Abin da ake so kowane turke ya fi na bayansa ƙasa da santimita 10. Idan bambancin bai kai santimita 5 ba, ruwa zai yi sanyin gudu ya ajiye yashi, kuma wannan sashe sai an sake masa daɓe.

Yashe kwata daga mafita ake farawa a hauro, ba daga ƙofar gidan wanda ya fi ƙorafi ba. Wanda ya buɗe sama ya bar ƙasa a toshe ya tura wa maƙwabcinsa ambaliya ne kawai. Abin da aka yaso a kwashe shi a makon, don idan aka jibge shi a baki, ruwan farko zai mayar da shi. Ku lura da gadojin ƙofar gida: mutane kan binne bututu mai inci 6 su rufe da kankare don mota ta hau, kuma a nan kwata ke shaƙewa. A fasa, a sa murfin kankare da mutum biyu za su iya ɗagawa. A kowace mahaɗa a yi ɗan akwatin tare yashi, santimita 60 kowane ɓangare, ya fi ƙasan kwata zurfi da santimita 30, da ragar rodi mai tare leda.

Haƙa da gini a yi su daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, ƙasa ba ta gama ƙeƙashewa ba. Bayan kwata sai daidaita layi, sai hanyar ƙafa. Bishiya a daminar baɗi. Idan aka dasa ta kafin a yi haƙa, diga ce za ta datse saiwarta.

Filin da ke tsakiyar rukuninmu a Kano kwari ne. Ruwa kan kwana bakwai a ciki, sauro ya hana mu barci, yara kullum zazzaɓi. Wani ya ce a cike shi da ɓaraguzai, wani ya ce a haƙa rami mai zurfi ya shanye ruwan.

Malam, duka biyun akwai haɗari. Cikewa ba ya rage ruwa ko lita ɗaya, gidan da ya fi kowa ƙasa shi zai karɓa. Rami mai zurfi kuwa kududdufi ne a tsakiyar yara, kuma babu mutumin Kano da bai san abin da kududdufi ke yi da damina ba. Kada a yi shi.

Abin da ake yi shi ne kwari mai faɗi marar zurfi, wanda zai karɓi ruwa ya shanye cikin kwana biyu. Sauro na buƙatar wajen mako guda daga ƙwai zuwa tashi, don haka ruwan da ya ƙafe cikin awa 48 ba ya haifar da shi. Amma kafin a sa shebur sai an gwada ƙasar. A haƙa rami santimita 30 faɗi, 30 tsawo, 50 zurfi, a wuri uku cikin filin. A cika da ruwa a bari ya shanye, a sake cikawa, a tsaya da sanda mai alama. Idan ruwan na sauka santimita 2 ko fiye a awa guda, ƙasar ta yi. Idan washegari aka tarar da shi kusan yadda aka bar shi, to yumɓu ne, ko kuma filin tsohuwar fadama ce, kuma mafita ita ce a ja masa hanya zuwa babbar kwata. Wata alamar: idan ruwan rijiyoyin unguwa kan taso kusa da baki a Agusta, ƙasa ta riga ta ƙoshi, ba za ta sha ba.

Girmansa daga lissafin rufi yake fitowa. Lita 4,000 a zurfin santimita 20 na buƙatar murabba'in mita 20, wato mita 4 da mita 5. Ke nan kusan kashi ɗaya cikin biyar na rufi da simintin da ke zubo masa ruwa. A ƙasa mai rairayi kashi ɗaya cikin goma ya isa. Zurfi kada ya wuce santimita 30. Gefe ya kwanta sosai, yadda yaro mai tatata zai fita da kansa. Ƙasan ya zama shimfiɗaɗɗe, a sassauta shi da diga zurfin kamu biyu, a cakuɗa da yashi da ruɓaɓɓen taki. Inda ruwa ke shigowa a jera duwatsu don kada ya zaizaye. Abin da aka fi mantawa shi ne mafitar rara: a yi ta ƙasa da dokin ƙofar gidan da ya fi ƙasa da aƙalla santimita 15, ta zuba a kwata. A nisanta kwarin mita 5 daga harsashin gini da ramin sokawe, mita 15 daga rijiya, kuma ruwan wanka da wanke-wanke kada ya shiga. Shi ke sa wuri ya yi baƙi ya yi wari ya daina sha.

A bakin kwarin a dasa ciyawar jema a jere, kamu ɗaya tsakanin tushe da tushe. Saiwarta ƙasa take yi, tana riƙe gefe. A ciki kiri-kiri ya wadatar. Da rani wurin ya zama filin wasa.

Wannan dabara an gwada ta a manyan wurare. A birnin Malmo na ƙasar Suwidin akwai rukunin gidaje mai suna Augustenborg, wanda aka gina wajen 1950. Ya tsufa, ruwa na shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, mutane na ƙaura. Daga 1998 aka raba ruwan sama da bututun ƙazanta, aka bi da shi ta buɗaɗɗun magudanai masu tsawon kusan kilomita 6 da tafkuna 10 a tsakanin gidaje, tare da shawarar mazauna. Ambaliyar ta yi sauƙi, unguwar ta dawo da martabarta, har ta sami kyautar gidaje ta duniya a 2010. Abu ɗaya ne ba za mu kwaikwaya ba: su suna barin ruwa ya zauna a tafki don ado, domin ba su da zazzaɓin cizon sauro. Namu dole ya ƙafe.

Bara ƙungiyarmu a Katsina ta dasa bishiya 60. Ko goma ba su kai bazara ba. Me muka yi ba daidai ba, kuma wace iri za mu sake sawa?

Alhaji, ba mu ga wurin ba, amma abubuwan da ke kashe dashe a unguwa sanannu ne: dasawa a makare, ƙaramin rami, ledar da ba a cire ba, awaki, gara, da ƙishin Maris zuwa Mayu. Kuma 60 ta yi yawa ga ƙungiyar da ba ta da mai ban ruwa. Ku dasa 20 ku raya su.

Lokaci shi ne da zarar damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Dashen Satumba bai samun ruwan da zai kafa saiwa. A haƙa ramin tun makonni biyu kafin nan, santimita 60 ta kowane ɓangare har zurfi. A tsohon rukuni za ku ci karo da ɓaraguzan bulo da siminti, a fitar da su duka. Ƙasar sama a ware ta gefe guda, a haɗa kwanon sarki biyu nata da kwano ɗaya na takin da ya ruɓe sarai, a mayar. Ɗanyen taki na ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. A yanka ledar da reza a cire ta gaba ɗaya. Idan saiwa ta nannaɗe a ƙasan ledar kamar gammo, a warware ta ko a datse, in ba haka ba bishiyar za ta shaƙe kanta bayan shekaru. Wuyan dashen ya tsaya daidai fuskar ƙasa, kada a binne shi. A yi masa ɗan kwari mai faɗin mita ɗaya, a rufe da busasshiyar ciyawa, amma a bar tazarar tafin hannu daga jikin itacen. Toka da dakakken 'ya'yan darbejiya a cikin ƙasar ramin na rage gara. Gara ta fi kama dashen da ƙishi ya riga ya galabaitar.

Kariya: turaku huɗu da ragar waya, tsawon mita 1.5, faɗin mita 1. Wanda zai yi da bulo ya jera shi da tazara iska na ratsawa; rufaffen bulo tanda ne a watan Afrilu.

Ban ruwa jarka ɗaya ga kowace bishiya sau biyu a mako, sau uku a tsananin bazara, har rani biyu. Bishiya 20 ke nan jarka 40 a mako, kura uku ko huɗu ta 'yan garuwa. Yayyafi kullum ba ya amfani, saiwa sama take tsayawa. A kafa guntun bututu mai tsawon santimita 50 a gefen ramin tun ranar dashe a riƙa zuba ruwa ta ciki.

Batun iri. Darbejiya, wadda wasu ke kira maina ko dogon yaro, ta fi saurin ba da inuwa kuma tana jure fari, sai dai ba ta son inda ruwa ke kwanciya. A ba ta mita 8 zuwa 10 tsakani. Maɗaci na babban layi ne, mita 12 tsakani, kuma sai an tsare shi daga masu sassaƙar ɓawo, don idan aka zagaye shi ya mutu. Tsamiya ba ta da sauri, amma jikoki za su zauna a ƙarƙashinta. Kowane fili ya cancanci guda biyu. Gawo yana da wata baiwa da ta dace da mu: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, daidai lokacin da ake neman inuwa. Yana da ƙaya, don haka gefen fili ne wurinsa. Ceɗiya da durumi ana dasa su da babban reshe su kama, inuwarsu ba ta da na biyu, amma saiwarsu farautar ruwa take yi: mita 15 daga kwata, sokawe da gini, ko a haƙura. Itacen turare ba na kusa da gida ba ne, ga shan ruwa, ga karyewar reshe, ga inuwa shara-shara. A lungu mai ƙunci da ƙarƙashin wayar lantarki sai ƙananan itatuwa: lemun tsami, gwaiba, zogale, mita 3 daga bango. Kada a cika unguwa da iri ɗaya, ciwo guda ya share ta.

Ku fifita yammacin gidaje. A yankinmu rana ta tsakiya rufi take duka, amma ta la'asar bangon yamma take gasawa, shi ne ɗakin da ba ya kwantuwa har tsakar dare. Gabas kuma ta nan hadari ke tasowa da iska, don haka manyan itatuwa a wannan ɓangare a ja su nesa da rufi.

Wata tsohuwar darbejiya ta tsaga mini katanga. 'Ya'yana sun ce a sare ta.

Baba, katanga ana gina ta a kwana uku, wannan inuwa kuwa shekara 40 ta ɗauka. A fasa sashen da ya tsage, a kafa ginshiƙi hagu da dama da saiwar, a ɗora bim, wato gadar kankare, ya tsallake ta da tazarar santimita 10, a ci gaba da gini a kai. Idan dole sai an yanke saiwa, to a ɓangare ɗaya kawai, kuma nesa da gindi da ninki 5 na kaurin kututturen: mai kaurin santimita 50, mita 2.5. Kusa da haka iskar farkon damina na iya kayar da ita. Rassan da suka hau rufi a rage su kafin Mayu, kada a wuce kashi ɗaya cikin huɗu a shekara, a fara tsaga reshe ta ƙasa kafin a yanke ta sama don kada ya ɓare jikin itacen. Aske mata kai gaba ɗaya kuskure ne, tohon da zai fito ba shi da ƙarfi. Sarewa sai idan gindin ya yi kogo, ko naman kaza ya fito a jikinsa, ko ta karkata ƙasa na ɗagowa a bayanta.

Ni uwa ce, yarana huɗu. Filin da aka bar mana ya zama bola, yara a kan titi suke ƙwallo tsakanin babura. Mu mata kuma ba mu da inda za mu zauna in mun fito da ƙanana. Maza sun yi taro ba a tambaye mu ba.

Hajiya, ƙorafinki na ƙarshe shi ne mafi nauyi. Mata da yara su ne ke wuni a unguwa, su suka san inda ke da rana, inda ke da wari, inda yaro ke tsoron bi. Kwamiti ya wakilta mata biyu su yi zama da mata a cikin gida, su kawo abin da aka ce a rubuce kafin a ja layi ko ɗaya.

Bola ba ta tashi sai an ba shara wani wuri a ranar. A keɓe matattara a bakin rukuni inda motar shara za ta iya tsayawa, da daɓen siminti da bango uku. Sannan a kwashe bolar har da ƙasar sama, zurfin santimita 30, don cike take da kwalba, ƙusa, tsofaffin batura da tokar leda. A kawo sabuwar ƙasa. Ko bayan haka kada a shuka abin ci a wurin.

A makon da aka share, a makon za a mamaye shi: a kafa ragar ƙwallo, a gina dakali, a haƙa ramukan dashe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Filin da aka share aka bari, ko ya koma bola ko a wayi gari an aza harsashin shago. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, don haka kariyar filinku takarda ce: ƙungiya ta rubuta wa hukumar tsara birane da kwafin taswira, ta nemi a tabbatar da shi a matsayin filin jama'a, ta adana amsar. Iyaka a yi ta da gajerun ginshiƙai masu hana mota shiga, ba doguwar katanga ba. Abin da ido ba ya gani shi ake ɓatawa.

Wajen rabo, ƙanana da iyaye mata su sami kusurwar da ta fi nisa da titi, wadda ake hangowa daga ƙofofin gidaje. Shingen lalle mai tsawon ƙugu ya ba da sutura ba tare da ya ɓoye yaro ba, ga amfanin ganyensa. Dakali mai tsayin santimita 45 daga ƙasa, biyu suna fuskantar juna don hira, a inda inuwar la'asar za ta faɗa. Wurin wasa yashi mai zurfin santimita 30, da kututture da tayoyin da aka huda don kada su tara ruwa. Abin zamiya na ƙarfe a fili ba inuwa yana ƙona cinyar yaro a bazara. Kada a dasa bini-da-zugu a nan, 'ya'yansa guba ne kuma yara na ci. Samari mita 15 da 25 ya ishe su, tsawon ya bi kudu da arewa don kada rana ta shiga ido, raga kada ta kalli taga. Wurin zaman dattawa ta ɓangaren masallaci.

Hanyar ƙafa kuwa, ku duba 'yar siririyar turbar da sawu ya riga ya fitar a filin. Nan za a yi ta, faɗin mita 1.5.

Intalok ko siminti, wanne ya fi a gaban gidaje?

Intalok, wato ƙananan bulon daɓe da ake jerawa, saboda ana ɗaga shi a gyara bututu a mayar, kuma ba ya tsagewa kamar daɓen siminti. Amma yawancin wanda ke lotsawa aikin ƙasansa ne ba a yi ba. A cire ƙasar sama, a daddaɓe, a zuba burji santimita 15 a jiƙa a daddaɓe da inji, sai yashi mai kaifi santimita 3 zuwa 4, sai bulon: mai kaurin santimita 6 ga masu tafiya, 8 inda mota ke hawa. A kafa bakin kankare kafin jeri, don in babu shi bulo gefe yake gudu. A share busasshen yashi cikin tsagogi a sake daddaɓewa. Ledar da wasu ke shimfiɗawa a ƙasa don hana ciyawa a bar ta, ruwa take tarewa.

Kada a ɗauka intalok na shanye ruwa sosai. Da tsagoginsa sun cika da ƙura, yawancin ruwan gudu yake yi. A karkata shi santimita 2 a kowace mita, daga bango zuwa wata zirin ƙasa mai shuka, fuskarsa kuma ta kasance ƙasa da daɓen gida da santimita 15. Kowace bishiya a bar mata buɗaɗɗiyar ƙasa mita 1.5 ta kowane ɓangare. Mota ɗaya mita 2.5 da mita 5 take ci. A shata wuraren a gefe guda na layi, sauran a bar shi ƙasa.

Mu matasa ne muke sintirin dare. Wasu na cewa bishiya maɓoyar ɓarayi ce. Kuma gaskiya muna tsoron a gama aiki a bar mana shi ya mutu, don ruwa saye muke yi.

Samari, abin da ke ɓoye mutum shi ne duhuwa tsakanin ƙugu da kai. A riƙa ɗage rassan bishiya har mita 2.5 daga ƙasa yayin da take girma, shinge kuma kada ya wuce mita 1, sai ido ya ratsa daga wannan layi zuwa wancan. Fitilar sola a kafa ta a tsakanin bishiyoyi inda faifan zai sami rana, sanda mita 5 ko 6, kusan mita 20 tsakani, a fara da mahaɗa da lungu. A zaɓi mai batir a sama. Da hunturu a goge faifan duk mako biyu, don ƙurar da ke kansa ce ke sa fitila mutuwa ƙarfe ɗayan dare.

Tsoronku na biyu yana kan hanya. Tun ranar farko a ware kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da aka tara don kulawar shekara biyu, a biya mutum ɗaya sananne, ba a ce aikin kowa ba ne. Kowace bishiyar layi a damƙa ta ga gidan da take ƙofarsa, a rubuta a littafin ƙungiya. A sa ranar yashe kwata sau biyu: farkon Mayu da tsakiyar Agusta.

Ruwa kuma akwai wanda ake zubarwa kullum. Masallacin da mutum 60 ke alwala sau biyar, kowa da lita ɗaya da rabi, yana zubar da lita 450 a rana, jarka 18. A mako ya ninka abin da bishiya 20 ke buƙata sau uku. A yi wa wurin alwala daɓe mai gangara zuwa ɗan akwatin tare yashi, daga nan bututu mai inci 2 ya kai shi wani rami mai tsawo cike da tsakuwa, zurfin santimita 40, an rufe shi da ƙasa, yana bi ta gefen bishiyoyin da ke kusa. Waɗanda ke nesa a tara musu a duro da aka binne mai murfi, a ɗebe a ranar, don in ya kwana biyu zai yi wari. Sharaɗi ɗaya ne: wurin kama ruwa da fitsari ya zama da nasa bututun daban zuwa sokawe, kada su haɗu ko kaɗan. Akwatin yashin a buɗe shi a kwashe duk ranar Juma'a da safe.